Daga Goro Zuwa Kati: Tarihin Gayyatar Ɗaurin Aure a Sakkwato

Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa game da aure, tun daga nema da gaisuwar iyaye da sa rana, har ya zuwa lefe da sa lalle da buɗar kai. Amma akwai mataki guda wanda galibi akan wuce shi da jimla ɗaya tak, a ce "sa'an nan sai a raba goro a gayyaci jama'a," kamar dai iyakar abin ke nan. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa aurar da ɗa ko 'ya ya san a wannan mataki ne zumunci ya fi saurin yin tsami. Sadaki a zama ɗaya ake yanke shi, lefe kuwa ana iya yin haƙuri da abin da ya samu. Amma mutumin da aka manta da shi wajen gayya, ko aka gayyace shi ta hanyar da yake ganin ba ta dace da matsayinsa ba, yana iya riƙe abin a zuci har 'ya'yan da aka haifa a auren su girma.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda gayyatar ɗaurin aure ta sauya kama a Sakkwato, daga goron da ake kaiwa da ƙafa zuwa katin da kowa ke iya tsara wa kansa a yau. Misalan zamanin nan daga Arkilla na ɗebo su, unguwar da na daɗe ina zaune a cikinta, da kuma katunan da suka taru a hannuna a tsawon zaman. Abin da nake son nunawa shi ne, katin nan gadon gida uku ya ci, watau goro da wasiƙar fada da katin Turawa, kuma mafi yawan saɓanin da yake haddasawa ya samo asali ne daga ɗora masa aikin da ba nasa ba, aikin goro.

Goro da ƙafa

Ya kamata mu fara da kalmar kanta. A Hausa "gayya" ba ba da labari take nufi ba. Aikin gayya shi ne wanda manomi zai kira dangi da maƙwabta su taru su nome masa gona, ya ciyar da su, da sanin cewa ran da ɗayansu ya kira tasa gayyar, shi ma zai saɓa hauya ya tafi. Gayya ke nan kira ce mai ɗora nauyi, kuma bashi ce da ake biya. Da wannan ma'ana kalmar ta shigo sha'anin biki. Wanda aka gayyata an ɗora masa zuwa. Wanda ya zo ba a kira shi ba, shi ne ɗan gayyar soɗi. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda kusancinsu ya wuce a gayyace su domin su ne masu bikin, kuma su Bahaushe ke nufi da ya ce bikin farar kaza ba sai an gayyaci balbela ba. Waɗannan shawara ake yi da su tun kafin a sa rana.

Abin da ke ɗauke da nauyin kiran shi ne goro, har ma harshe bai rabu da shi ba: a yau mutum zai miƙa maka takarda, ko a karanta sanarwa a gidan rediyon Rima, amma sunan abin yana nan "goron gayyata." Dalilin da ya sa goro ya sami wannan matsayi kuwa a fili yake, abu ne mai tsada da ake ɗaukowa daga nesa. Ba ya tsirowa a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a saye shi a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, ayarin fatake su biyo da shi ta Yandi da Bargu da Yawuri zuwa Jega, tafiyar watanni, ana kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya ɓaci. Paul Lovejoy, a littafin da ya wallafa a kan wannan fatauci a 1980, ya nuna irin rawar da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari na Gummi suka taka a cikinsa. Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sha ambaton goro a cikin kyaututtukan da manya ke yi. To, mutumin da ya aika maka da goro a wancan zamani ya taɓa aljihunsa dominka, ba kuwa zai aika wa wanda bai damu da zuwansa ba.

Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya karya kasuwarta, zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929 kuma ya juya akalar cinikin zuwa ƙasar Yarabawa. Goro ya yi araha, ya shiga hannun talaka, amma ƙa'idar rabonsa ba ta canja ba. Ana saye da ƙwarya, watau ɗari ɗari, a zauna a kasa shi gida gida. Yawan abin da aka ware wa mutum, da girman goron, da zaɓen fari ga manya, duk magana ce da mai karɓa yake fahimta ba sai an fassara masa ba. Mafi muhimmanci kuma shi ne wanda aka aika. Sa'a ana iya aika masa da yaro. Baffa ko kawu ko malamin da ya karantar da uban ango, sai dai babban mutum ya taka, ya yi sallama, ya zauna a ƙasa, a gaisa, sa'an nan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, kuma a nan maganar ba ta da wani lulluɓi.

Ban da wannan kira na mutum da mutum, akwai na gama-gari. Liman kan sanar bayan salla, sanƙira ko maroƙi kan zaga ya shaida wa unguwa, ranar ɗaurin aure kuma shi ne zai ɗaga murya ya maimaita abin da waliyyi da wakili suka faɗa a hankali, domin jama'a su zama shaida. Bambancin da ke tsakanin waɗannan kira biyu ba al'ada kaɗai ce ta kafa shi ba, yana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Sakkwato. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi umurni da amsa kiran walimar aure matuƙar babu abin ƙi a wurin. Mukhtasar na Halilu kuwa ya rataya wajabcin amsawa a kan wanda aka ayyana, masu sharhi suka bayyana cewa wanda kiran taro ya haɗa da shi kawai, kamar a ce wa ɗan aike ya kira duk wanda ya gamu da shi, zuwa bai zama dole a kansa ba. A kan walima hukuncin ya zo, amma jama'a sun ɗauki ma'auninsa sun auna dukkan hidimar aure da shi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu na ayyanawa, domin a kansa sauran maganar za ta ginu.

Wasiƙa

Sakkwato gari ne na rubutu tun kafuwarta a 1809, saboda haka ana iya tambaya, me ya hana a riƙa rubuta gayyata tun can? Amsa ita ce takarda. Daga Italiya ake kawo ta ta hanyar Tarabulus da hamada, irin mai alamar jinjirin wata uku, kuma tsadarta ta sa aka keɓe ta ga littafi da hukunci da sha'anin mulki. Gidan Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke riƙe da wasiƙun da ke kai da komowa tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas. Waɗanda Turawa suka tarar a gidan Waziri Buhari bayan sun ci garin a watan Maris na 1903, H. F. Backwell ya fassara su ya buga a 1927, A. D. H. Bivar kuma ya yi nazarin tsarin irin waɗannan takardu da hatiminsu a 1959.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙirar wasiƙar. Tana buɗewa da sunan Allah da salati, ta ambaci mai aikawa da wanda aka aika wa, kowa da laƙabinsa da addu'ar da ta dace da shi, ta yi gaisuwa, sai "bayan haka," sai buƙata a taƙaice, ta rufe da sallama. Wannan ƙira ce ta gangaro cikin wasiƙun ajami, daga baya ta shiga na boko, inda ɗalibai suka riƙa buɗewa da cewa takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane. Wani abin lura kuma, wasiƙar fada ba ta tafiya ita kaɗai. Manzo ke ɗauke da ita, kuma sau da yawa abin da ke bakinsa ya fi abin da ke cikin takardar. Ko a fadar da ta fi kowace riƙo da alƙalami, rubutu rakiya yake yi wa ƙafa.

Boko da maɗaba'a

Katin gayyata kamar yadda muka san shi baƙo ne. A Ingila ya bunƙasa a ƙarni na 19, bayan da ɗab'i ya yi sauƙi kuma aka fito da kan sarki na kwabo ɗaya a 1840. Tsarinsa ya dace da bikin mutanensa: iyayen amarya ke ɗaukar nauyin liyafa, saboda haka su ke gayyata, kuma da yake kujeru da faranti ƙidayayyu ne, sai a sa haruffan nan huɗu na Faransanci, R.S.V.P., masu roƙon a aiko da amsa. A Nijeriya ta kudu ya shigo, inda 'yan mishan suka kafa maɗaba'a a Kalaba a 1846 da Abekuta a 1854, ya biyo akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa zuwa Sabon Garin biranen Arewa.

Kafin Bahaushe ya karɓe shi sai da abu biyu suka samu, masu karatun boko da injin bugawa a kusa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sa'an nan a shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna jaridunsu, ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma. Duk da haka, muddin mutum yana zaune cikin danginsa, waɗanda zai gayyata kuma suna bayan katangarsa, kati ba shi da aikin yi. Abin da ya ba shi aiki shi ne sauyin zaman gari.

Arkilla

A 1967 Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma, wadda ta haɗa Lardin Sakkwato da na Neja. Ma'aikata suka kwararo daga Bida da Kwantagora da Zuru da Argungu da Gusau. A wannan shekara kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki, a 1975 aka kafa jami'a, kuɗin Udoji kuma suka shiga aljihun ma'aikata a daidai wannan lokaci. Gari ya tsallake ganuwa. Arkilla, wadda ke yamma da birni a kan hanyar Kalambaina, cikin ƙaramar hukumar Wamakko ta yanzu, tana cikin unguwannin da wannan faɗaɗa ta cika da gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi da filayen da aka yanka aka sa wa lamba. (Sunan ya yi daidai da na wani bargon ulu da masaƙan Fulanin Masina ke saƙa wa amare, abin da ya dace da zancenmu, ko da yake ba shi muka sa gaba ba.)

A Giɗaɗawa ko Kanwuri ko Rijiyar Ɗorowa, idan aka ce ɗaurin aure ƙofar gidan wane, an gama kwatance. A Arkilla kuwa maƙwabcinka na dama Banufe ne, na hagu Badakkare, gidan kuma da lamba aka san shi. Daɗa ga wani sabon jinsin mutane da tsohon tsari bai tanadar wa gurbi ba, watau abokan aiki. Ba dangi ba ne da za a taka a gaya musu, ba kuma baƙi ba ne da za a ƙyale. Su ne kati ya yi wa daidai: masinja ya zaga ofis ofis ya ajiye a kan tebur, ga rana, ga lokaci, ga kwatance. Wanda ba shi da halin zuwa maɗaba'a sai ya roƙi mai buga tafireta ya yanka masa sitensil, a gurza a injin Gestetner, a yayyanka da reza. Tsara wa kai takardar gayyata ke nan ba da kwamfuta ya fara ba.

Matsala ta taso ne sa'ad da katin da aka yi domin abokin aiki ya fara zuwa gidan baffa. Na shaida wannan da idona. Wani maƙwabcina, ma'aikaci mai yawan hidima, zai aurar da ɗansa, ya buga kati mai kyau, ya ba yaro a kan babur ya rarraba, har da gidan ƙanen mahaifinsa a cikin gari. Ana saura kwana biyu labari ya zo cewa tsohon ba shi da niyyar zuwa, alhali shi ake sa ran zai karɓi auren. Da aka tambaye shi ko kati bai iso ba, sai ya ce, "Na ga takarda, amma ba a hwaɗa mani ba." A daren nan maƙwabcin nawa ya sayi ƙwaryar goro, ya ɗauki wani aminin mahaifinsa, suka tafi ban haƙuri. Tsohon ya iya karatun boko sarai. Abin da yake nufi shi ne an mayar da shi cikin taro, an ba shi sanarwa a inda ya cancanci shawara. Bisa ma'aunin da ya tashi a kansa, gaskiyarsa ce.

Lafazin kati

Da Hausawa suka karɓi kati ba su fassara na Turawa ba, sun zuba shi ne a ƙirar wasiƙa. Ga yadda mafi yawan waɗanda ke hannuna suke, in an cire sunaye:

"Iyalan marigayi Malam Wane na Giɗaɗawa, da na Alhaji Wane na Arkilla, suna farin cikin gayyatar ………… zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu, Wane da Wance, wanda za a yi in Allah Ya so ranar Asabar, da ƙarfe 11 na safe, a ƙofar gidan Alhaji Wane. Allah Ya ba da ikon zuwa, amin."

Abu na farko da ke fitowa fili shi ne masu gayyatar. Gida biyu ne, ba iyayen amarya kaɗai ba, ba kuma ango da amarya ba. Sau da yawa ma sunan da ke sama ba na uba ba ne, na kaka ne, ko da ya daɗe da rasuwa, ko na babban wan uba. Wannan ya bi yadda ake ɗaura auren ne, domin a al'ada uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, yakan wakilta ɗan'uwansa saboda kara da kunya, balle a ce 'yar fari ce. Saurayin da ya zauna da wayarsa ya tsara kati ya rubuta "Ni Wane ina gayyatarku ɗaurin aurena," ya manna hotonsa da na amarya, bai yi kuskuren nahawu ba, amma ya ɗauki kujerar da ba tasa ba. Irin wannan tsakaninsa da abokansa ne, kada ya kai ga idon surukai.

Wane gida za a fara ambata? Katunan sun saɓa, wasu na ango ke gaba, wasu na amarya, wani lokaci kuma kowane ɓangare kan buga nasa ya sa kansa a farko. A ganina, tun da dangin ango su ne masu nema, kuma a ƙofar gidan amarya ake taruwa, kara ita ce su gabatar da waɗanda suka ba su. Inda ɗaya gidan na malamin ɗayan ne, ko akwai tazarar shekaru mai yawa, wannan ya isa ya warware tsarin. Abin gudu dai shi ne a bar wa yaron shagon kwamfuta ya yanke hukunci bisa ga wane suna ne ya fi dacewa da faɗin layi.

Laƙabi ya fi wannan wuyar sha'ani, musamman a garin da sarauta ke da tsari kamar Sakkwato. Sarauta bayan suna take zuwa, kuma tare da garinta, domin Marafa da Ubandoma da Sardauna suna da yawa a ƙasar. Wanda ya rubuta "Waziri" ko "Magajin Gari" kurum a katin da za a raba a birnin, ya nuna na Sakkwato ke nan, ko ya nufa ko bai nufa ba. Sarautun da ke ɗaure da garuruwansu, kamar Baraden Wamakko da Ardon Shuni da Sa'in Kilgori, ba a gutsure su. Tsallake laƙabin mai laƙabi raini ne. Amma akwai wani rainin da ba a cika lura da shi ba, shi ne a jera wa gida ɗaya Alhaji da Dokta da sarauta da lambar girma har layi biyu, ɗaya gidan kuma a bar shi da "Malam Wane." Goro bai taɓa yin wannan tonon silili ba, domin kowa nasa yake gani, ba ya ganin na wani. Kati kuwa yana ajiye gidajen biyu kafaɗa da kafaɗa a gaban duk wanda ya karanta. Dattako shi ne mai dogon laƙabi ya rage nasa.

Sai layin nan da ake bari fili. Shi ne kaɗai wurin da kati ke iya yin abin da Halilu ya kira ayyanawa, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Katin da aka rubuta sunanka a kai da hannu, da laƙabinka daidai, ya kira ka. Wanda aka miƙo da layin a wofi, ko aka cike shi da "Alhaji/Hajiya/Malam/Malama" ba a ko soke waɗanda ba su dace ba, shela ce kawai aka sa a ambulan.

Game da basmala da ayoyi, wasiƙar da ta gadar da su ana adana ta ne a gafaka, kati kuwa bayan biki a ƙasa ake tsintarsa. Saboda haka malamai da yawa suna hana sa aya a kansa, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce ga mutanen da aka tarbiyyantar da su a kan ɗauke duk takardar da ke da sunan Allah daga ƙasa. Kwanan wata ma yana da nasa tarko. Ana son a sa na Hijira tare da na Miladiyya, amma katin da aka buga tun watan bai kama ba yana iya saɓawa da kwana ɗaya, tun da sai an ga wata fadar Sarkin Musulmi ta sanar. Sunan ranar, Juma'a ko Asabar, shi ne abin dogara, shi ya kamata a fi fitowa da shi. Haka nan "bayan sallar Juma'a" ba ta wadatar ba sai an faɗi masallacin, domin ba lokaci ɗaya ake tayarwa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi masana harshe kai tsaye. Basakkwace da bakinsa "ɗarmin arme" yake cewa, 'yarsa kuma "ɗiya" ce, amma katinsa da daidaitacciyar Hausa yake fitowa, in ma ba da Turanci ba. Wannan ba laifi ba ne, sai dai daidaitacciyar Hausar tana da haƙƙinta. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun ƙarshen shekarun 1930, amma tafireta ba ta da su, ƙananan maɗaba'u ma haka, har ido ya saba da "daurin aure." Yau da suke cikin kowace waya uzurin ya ƙare. Kuskuren kuwa ba na ado ba ne kurum. Wanda ya yar da ɗigon da ke gaban "'yarsu" ya rubuta "yarsu," ya aurar da babbar 'yar'uwarsu ke nan maimakon ɗiyarsu. Wanda ya so ya yi Sakkwatanci ya rubuta "diyarsu" ba lanƙwasa, ya kusa kai mai karatu ga diyya. Na ga duka biyun a bugagge.

Haruffan R.S.V.P. su ne suka fi ba da sha'awa. Ɗaurin aure ba shi da ƙidayar kujeru, tabarmi ake shimfiɗawa, yawan jama'a kuma shi ake fata. Babu amsar da ake jira. Maimakon a yar da haruffan, sai aka ba su sabon aiki, suka zama kan jerin sunayen 'yan'uwa da aminai, daga 2001 kuma, da wayar salula ta shigo, aka ƙara musu lambobi. Jerin ya zama wata ƙaramar fada, ana jin haushin rashin shiga cikinsa. Wasu sukan rubuta "Masu gayyata" ko "Don ƙarin bayani" a gurbin haruffan, wanda ya fi faɗin gaskiyar abin. A ƙasa kuma akan roƙi wanda bai sami zuwa ba ya sa ma'auratan a addu'a, jimlar da babu irinta a katin Ingila, kuma ita ce ke sauke wa wanda aka gayyata nauyi cikin mutunci.

Duk wannan katin maza ne, sunan uwa ba ya hawa kansa. Gayyar mata dabam take tafiya, kuma ta fi ta maza riƙe tsohuwar ma'anar bashi. Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ta nuna yadda gudummawar biki ke kai da komowa tsakanin ƙawaye. Har yau uwar amarya a Arkilla takan zaga da kanta, ko ta aiki ƙanwarta, da ƙullin alawa da cingam a madadin goro, katin yinin biki kuma a saƙale a jiki. Mata ba su taɓa barin takarda ta tafi ita kaɗai ba, shi ya sa irin rigimar maƙwabcina ba ta cika faruwa a tsakaninsu ba.

Katin ƙofa da hoton waya

Sauyi biyu na baya-bayan nan sun ja kati zuwa fuskoki masu karo da juna. Na farko shi ne liyafar dina a ɗakin taro na haya, inda kujeru suka zama ƙidayayyu kamar na Turawa, aka fito da ƙaramin kati wanda sai da shi mai gadi zai bar mutum ya shiga. Takardar da aka ƙirƙira domin kira ta zama ta tsarewa, kuma waɗanda take tsarewa galibi dangi ne na karkara da maƙwabta marasa hali. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, malamai na yawan jawo shi a kan wannan. Ɗaurin aure dai har yanzu ba a sa masa mai gadi ba.

Na biyu shi ne hoton kati da ake turawa ta WhatsApp. Shagunan kwamfuta da CorelDraw sun karɓi aikin daga hannun masu jera haruffan dalma, yanzu kuma waya ta karɓe daga hannunsu, ango na iya tsara katinsa a zaune a ɗaki. Hoton ba shi da layin suna, ba shi da ɗan aike, kuma wanda ya same shi yana iya tura wa mutum ɗari. Bisa rabon da muka gani a baya, wannan aikin sanƙira ne, shela ce ga jama'a, kuma ya fi kowane sanƙira nisan murya, yana kai wa ɗan'uwa da ke Yamai ko Kumasi ko Jidda a cikin daƙiƙa. Masu lura sukan bi shi da kiran waya ga wanda suke son ya san an ayyana shi.

A gidajen da na sani a Arkilla, idan biki ya rage mako biyu, akan zauna da dare a rubuta jeri uku. Na farko na waɗanda za a tura wa hoto, wannan yara ke yi. Na biyu na waɗanda za a rubuta wa suna a kati, a ba wani natsattse ya kai. Na uku gajere ne, ba ya cika wuce gida goma sha, mafi yawansu a cikin tsohon gari ko Wamakko ko Dundaye, kuma mai gida ne da kansa zai bi su bayan la'asar, bayan ya biya ta Shagon Goro. Katin yana cikin aljihunsa, sai an gama magana zai tashi yake ajiye shi a gefen tabarma, saboda lokaci da kwatance.